Ranar da Tikitin Baba Ya Tsaya Cin Tsire

Ko duk haƙoran bakina sun zube, yanzu ma saura biyar, ba zan manta ranar da jirgin ƙasa ya tafi da mahaifina ya bar ni a tashar Kaura ba.

Lokacin Baba ya makance da yanar ido, an ba mu takardar asibitin Zariya, da ranar da likita zai gan shi. Idan ranar ta wuce, sai wata shekara. Aka rasa ɗan rakiya sai ni, don duk Gurbin Bore ni kaɗai na yi aji uku na elemantare. Masani guda ke nan, a kiyaye.

Muka iso Kaura, inda dogo ya ƙare. Na yanki tikiti biyu, na haɗa da takardar na soke a aljihu, na zaunar da Baba bakin taga. A allon tasha an rubuta ƙarfe goma. Na karanta sarai, amma na ɗauka shawara ce. Mu abin da muka sani motar kasuwa, ba ta tashi sai ta cika har kan rufi. Na leƙa tarago, ko rabi bai yi ba. Na aje buzuna kan benci don riƙe wuri, na ce, "Baba, bari in samo muna tsire."

Tsinke na biyu ke bakina na ji kukan jirgi. Kafin in iso, sai hayaƙi.

Na faɗa ofishin mai tasha ina haki. Dattijon ya saurare ni, ya dubi man ƙuli a gemuna, ya ce, "Samari, wa ya ce maka jirgi na jiran cika?" Ya murɗa waya zuwa 'yar tashar da ke gaba, inda jirgi ke shan ruwa ana loda gyaɗa. Sannan ya kira leburorin dogo huɗu, suka ɗora ni kan 'yar kekensu mai ƙafar ƙarfe. Biyu na turawa da gudu, biyu na hutawa, suna canji, rana na dukan mu. Ɗayansu ya ce, "Malam, riƙe tsiren da kyau, kada shi ma ya bar ka."

Mun tarar da jirgin tsaye. Ashe mai 'yar tashar ya ce a sake jera buhuna, wai jerin bai yi masa ba. Sau biyu. Ya kuma je don ya sauko da Baba, Baba ya ƙi.

"Ni Zariya za ni, tikitina na Zariya ne."

"To ina tikitin, Baba?"

"Yana Kaura, yana cin tsire."

Da na shiga taragon, Baba ya shafa fuskata ya ce, "Wanga zamani! Makaho na bisa hanya, mai ido ya ɓace." Duk tarago aka kwashe da dariya. Leburorin ko sunansu ban tambaya ba, jirgi ya ja, suka juya da kekensu.

Mun riski likita. Ranar da aka kwance wa Baba ido, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe haka ka girma. Hankalin ne dai bai iso ba." Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana ganin gonarsa.

Yau idan Keke Napep ya ratsa da ni ta tashar, awaki nake gani kwance kan dogo, ciyawa ta cinye inda muka yi gudu. Nakan yi wa mutanen nan shida addu'a, Allah ya kai haske kabarinsu in sun riga mu. Abin da na koya shi ne, lokaci ba motar kasuwa ba ne, ba ya jiran cika. In ka ga ya tsaya maka, wani bawan Allah ne ke sake jera buhuna dominka.