Irin da Muka Cinye

Shekarar da gwamnati ta zare hannunta daga harkar iri da taki, kowa ya zama malamin gona a kasuwar Tsafe. Wajen wani mai shago na sayo sabon irin masara a leda. Da na shuka, ta yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo.

Da kaka na yi yadda mahaifina ya koya mini, na ware manyan goyon sabuwar masarar na rataye a rumbu don shukar baɗi. Tsohon irinmu na gado kuwa, ni da bakina na ce a kai shi inji. Muka yi tuwo da shi.

Ba wanda ya gaya mini sabon irin nan sau ɗaya ake shuka shi, 'ya'yansa ba sa yin iri. Da damina ta zagayo, masarar ta fito wata doguwa wata gajera, yawanci ba goyo. Na koma shagon, na tarar takalma ake sayarwa.

Na bi ƙauyuka gida-gida har Bungudu, ina roƙon ko tafi ɗaya na tsohon iri. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Malam, mu ma mun cinye namu."