Sallama da Ramin Yashi

Murdo, wanda bana ya kama aikin gyaran filin golf ɗin nan na bakin tekun Sikotilan, ya jingina da manjagara yana kallon wata tsohuwa. 'Yar firit ce, tana ɗan jan ƙafa, rigar sanyinta duk faci, sandar buga ƙwallo ɗaya tal a hannu. Matar masunci ce? Tsohuwar malamar makaranta? Ya kasa cankowa.

Gaban tuta ta sha ɗaya, cikin tutocin da 'yan wasa ke aunawa da ƙwallo, akwai ramin yashi mai shanye tsayin mutum, an ajiye shi don horon masu son yanke. Kowa kewaye shi yake. Ita kuwa ta tsinki ciyawa ta watsa, ta ga inda iska ta dosa, ta auna tsakiyar ramin ta buga ƙwallonta ciki, da gangan.

"Inna," in ji Murdo, "ai gobe za mu cike shi! Kwamiti ya ce yana korar baƙi."

"Na ji, ɗan nan. Shekara arba'in ja'irin nan yana cin mutuncina. Sai ya tafi ba mu yi sallama ba?"

Sai a bugu na shida ƙwallon ya fito. Ta miƙo hannu tana haki: "Ba ni manjagarar."

Ga ta can ƙasa, tana share sawunta a tsanake, kamar gobe wani zai shiga.