Kilen Bulutut da Rahoton da Na Sa wa Hannu

Akwai ranar da ko na so in manta da ita, mutanen ma'aikatarmu ba za su bari ba. Wata Talata ce, daf da faɗuwar damina, ina cikin shekarata ta shida a matsayin teknisiyan a sarbis ɗinmu na noma a nan Damagaram. Tunda ku sabbin shiga kun fara jin labarin a wajen shan shayi, gara ku ji shi daga bakina, don masu ba da shi suna ƙara gishiri.

Sunana Buba, amma a lokacin kowa Injiniya yake kirana, ni kuma ban taɓa hana kowa ba, alhali takardata ta horon wata tara ce. Ordinatocin ma'aikatar, wato kwamfutoci, duka a hannuna suke, kuma ni na sa musu Linuks, wato tsarin nan na kyauta da ba a sayen lasisinsa. Ba wanda ya iya shi sai ni, hakan kuwa yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

A makon nan aka aiko mana sabon sikeli na awon iri, wanda za a kai Hamdara don rabon irin gero da gyaɗa. Sikelin yana aika nauyin kowane buhu zuwa ordinater ta bulutut, ba sai an jona waya ba. Injinanmu tsofaffi ne, ba su da bulutut a ciki, sai an soka musu wani ɗan kile da bai kai ɗan yatsa ba. Madam Rahila, mai kula da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ita ta hau kabu-kabu ta je Zango ta sayo shi. Ta girme ni da shekara goma, kuma a shekarar ce aka sa sunanta cikin waɗanda za a ƙara wa girma.

Ga yadda ƙa'idar aikin take, ga wanda bai sani ba. In ka soka abu inji bai nuna shi ba, farko ka tambayi injin ya lissafa maka duk abin da ke soke a jikinsa. In sunan abin ya fito, to yana da rai, matsalar tana wajenka. Daga nan ka duba pilot, wato ɗan shirin da ke yi wa inji da na'ura tafinta. Sannan ka duba ko wani ya taɓa kulle hanyar. Duk wanda ya yi gyara kuma, dole ya rubuta a babban littafin sarbis, don na bayansa ya sani. Na san wannan duka. Ni nake koya wa mutane shi.

Ran nan ban bi ko ɗaya ba. Na soka kilen, na buɗe wurin bulutut, allo ya ce bai ga komai ba. Na zare, na hura masa iska, na mayar. Shiru. Na kai shi inji na biyu, na kai shi na uku, duk amsa ɗaya. Na sake saukar da shirin bulutut ɗin gaba ɗaya, don dai a ga rubutu yana gudu a baƙin allo, mutane su san ana aiki.

Baba Kiyari, direbanmu, Babarbare ne, ni kuwa Bafillace, don haka ba ya ganina ya ƙyale. Ya leƙo ta taga ya ce, "Bawana, ko a kawo maka sanda? Na ga abin ya ƙi bin ka kamar saniyar aro."

Na ce, "Baba, je ka wanke mota. Wannan ba aikin masu zane a fuska ba ne."

Wajen ƙarfe goma shef na sarbis, Alhaji Mutari, ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, jibi mota za ta Hamdara. Ina aka tsaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kilen jabu ne. Inji uku na gwada."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda na san sunana."

Ya ce in rubuta rahoto. Na rubuta shafi guda da Faransanci mai kauri, na sa hannu, na buga kashe, wato hatimi. A tsarinmu, in teknisiyan ya ce kaya jabu ne, wanda ya sayo shi ake ba takardar neman bahasi, wadda muke kira demand. Kofi ɗaya yana tafiya babbar direkshan, wato hedikwatarmu, ya shiga dosiyen mutum, wato fayil ɗin aikinsa, kuma wanda demand ta shiga dosiyensa, a shekarar ba ya ganin ƙarin girma. Na san haka sarai lokacin da nake buga kashen. Aka sa rahoton da demand ɗin Madam Rahila a ambulan, aka ce Baba Kiyari ya kai direkshan bayan Azahar.

Madam Rahila ba ta yi hayaniya ba. Ta zo ta tsaya a bakin teburina ta ce, "Ƙanena, ba ni kilen."

Na ce, "Yaya, ba laifinki ba ne, 'yan kasuwar yanzu sai a hankali."

Ta ce, "Ba ni dai."

Ta fita. Ashe Zango ta koma, ta wanke mai shagon tas a gaban mutane. Shi kuma ya soka kilen a injinsa, ya yi aiki nan take. Da ta dawo ta faɗa mini, sai na yi dariya na ce ai nasa injin ba Linuks ba ne, ba a haɗa su. Ta dube ni, ta sake fita. Wannan karon ta dawo da ordinater ta hannu a cikin zane, ta mawaƙan cocinsu.

Ta ce, "Wannan fa? Wa ya sa mata Linuks bara kafin Kirsimeti, har muka ba shi zabi biyu?"

Ni ne. Ta soka kilen da hannunta, ita da ko linzamin ordinater ba ta cika riƙewa daidai ba. Alamar bulutut ta fito a kusurwar allo, shuɗiya shar. Sikelin da ke gefe ya yi ƙara, ya aiko nauyin jakar Baba Kiyari da ya ajiye a kai.

Baba Kiyari ya dubi allon ya ce, "Ni fa jahili ne. Amma irin wannan ɗan abin ba shi muke sokawa da can muna tura bidiyon kokawa a wayoyinmu ba? Har wani Bafillace ya zo ya yi masa asiri ya daina?"

Nan take na tuna. Shekara uku kafin nan, ma'aikata sun mai da injinan gidan kallon kokawa, kowa da kilensa a aljihu. Tsohon shef ya yi faɗa, ni kuma na bi injinan ɗaya bayan ɗaya na hana pilot ɗin bulutut tashi. Ban rubuta a littafin sarbis ba. Ba mantuwa ba ce, da gangan na ƙi, don na ce a raina in kowa ya san abin da na sani, me za a neme ni in yi? Daga baya ni ma na manta.

Na ce su ba ni wuri. Na tambayi injin ya lissafa abin da ke jikinsa, abin da ya kamata in yi tun safe. Ga sunan kilen nan a layi na uku, lafiyarsa lau. Na buɗe fayil ɗin da ake hana pilot tashi, sai ga umarnin, a samansa kuma ga abin da na rubuta da hannuna: "Buba ne ya rufe wannan ƙofa. Wanda ya isa ya buɗe."

A nan ne na yi abin da ya fi ba ni kunya. Na goge layukan biyu da sauri, na sake tada injin, bulutut ya fito. Na tafi wajen shef na ce, "Ranka ya daɗe, na samu na tilasta masa, ya fara aiki." Ban ce komai a kan rahoton ba. Shef ya ce madalla, ya ci gaba da duba takardunsa.

Da muka fito daga sallar Azahar, na tarar da Baba Kiyari jingine da mota, ambulan a hannunsa yana fifita da shi. Madam Rahila tana zaune a ƙofar magaza tana ɗaure bakin buhu, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya ce, "Bawana, in tafi?"

Ba wasa a muryarsa, karo na farko tun da na san shi. Na karɓi ambulan, na koma wajen shef, na roƙi a kira Madam Rahila. A gabanta na faɗi komai, har da layukan da na goge.

Alhaji Mutari ya cire tabarau ya ce, "Wato kai ka kulle ƙofa, ka jefar da makulli, ka zo ka ce baƙo ne gurgu." Ya yaga demand ɗin. Rahotona kuwa bai yaga ba. Ya ce in manna shi a littafin sarbis, in rubuta gaskiyar magana a ƙarƙashinsa, in karanta duka biyun a taron safiyar Litinin. Na karanta. Har yau yana shafin, kuna iya dubawa.

Na ce wa Madam Rahila ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe, ƙanena. Amma akwai bawan Allah a Zango da na kira mazambaci a gaban maƙwabtansa, da bakinka na yi. Tashi mu je." Muka je, na tsaya a tsakiyar shagon na ba shi haƙuri da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Ya ce ba komai, sannan ya tambaye ni ko ina son ya turo mini wanda zai koya mini Linuks.

Sikeli ya tafi Hamdara ranar Alhamis. Madam Rahila ta samu girmanta a ƙarshen shekara.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tamu maganarmu tana da nauyi don sauran mutane ba sa iya karanta baƙin allo. In muka ce abu ya lalace, an gama, laifin kuma yana gangarawa kan wanda ba shi da hanyar kare kansa. Don haka kafin ku ce kaya jabu ne, ku tambayi injin abin da ya gani, ku buɗe littafi ku ga abin da aka taɓa yi masa. In ba ku ga komai a littafin ba, ku fara zargin teknisiyan, ko da ku ne.