Ban Je Landan Ba

Na yi shiru sama da shekara arba'in. Yau zan faɗa, wanda zai ce na tona asirin gida ya je ya ce.

Tsofaffin ƙawayena na Nassarawa GRA, kun tuna lokacin da aka ce na tafi Landan wata uku? Ban je ba. Ina kwance a asibiti.

Zamanin kuɗin mai ne. Maigidana Alhaji babban ma'aikaci, ga sabon gida, ga mota, ga kuku. Ni kuwa wanka ma ya gagare ni. Abinci ba ɗanɗano, barci ya ƙaura, 'yata ta yi mini dariya in ji ba komai a raina. Har na fara tunanin gara in mutu kowa ya huta.

An ɗebi jini, an ce zazzaɓi ne, na sha allura har na gaji. Yayata ta ce, "Ke dai rashin godiya ke damunki. Me kika rasa?"

Wani dattijon likita ne ya zauna ya saurare ni. Ya ce, "Hajiya, ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani." Ya ba ni gado. Ƙwaya safe da yamma, baki ya bushe, kai ya yi nauyi. A sati na biyar na ji yunwa, na ce a kawo mini ɗanwake.

Da aka sallame ni, Alhaji ya aika kasuwa aka sayo turare da atamfa. Ya ce, "Wanda ya je Landan ba ya dawowa hannu rabbana. Ki raba tsaraba."

Na raba.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta zo yi mini sannu da zuwa. Ta rame, ido ya faɗa, magana da ƙyar. Na gane ciwon sarai. Amma na miƙa mata turare, na ce Landan akwai sanyi.

Shekara ba ta zagayo ba ta rasu. Ta daina ci, ta daina magana, ba wanda ya kai ta wurin likita. Har yau abin yana ci mini rai.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan, Allah ya ji ƙansa.

In baƙin ciki ya wuce sati biyu, ci da barci suka rikice, a je asibiti, a haɗa da addu'a. In mutum ya ambaci mutuwa, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

In kuma aka tambaye ku ina yake, ku faɗi inda yake. Wataƙila mai tambayar ma hanya take nema.