Lanƙwasa Uku a Gindin Fatari

Shekarar da aka rubuta yayata Habsu a lakwal, wato makarantar boko, ni ina da shekara shida. Lokacin Nasara na mulki, mai gari ke zaɓen yaran da za a kai Magariya, ba a tambayar iyaye. Muna Dantchiao, uwarmu ta rasu, Kaka ke riƙonmu.

Matar mushe, wato malamin lakwal, ta aiko da takarda yankakkiya, ta ce kowace yarinya ta zo da fatari mai wannan siffa. An yanke takardar don faffaɗan yadin kanti. Mu kuwa saƙi muke da shi, ƙyallaye sirara da Kaka ta kaɗa zarensu da hannunta, aka rina a marina. Ɗinki ma aikin maza ne a garinmu, amma Kaka ta hana a kai wa kowa.

Bayan tuwon magariba takan hura wuta da karan gero da ɓawon gyaɗa, ta zauna da allura. Ta haɗa ƙyallayen a tsaye. Inda takarda ta nuna maɓalli, ta sa zariya. Maƙwabciyarmu ta ɗauko kara za ta auna tsawon Habsu, Kaka ta fizge shi ta jefa a wuta.

"Gawa ake aunawa da kara, Ladi. Jikata na tsaye da ƙafafunta."

Da ido ta auna, ta ƙara tsawo fiye da na takarda, ta lanƙwasa gindin sau uku ta ɗinke.

"Kaka, ya yi nauyi," in ji Habsu.

"Ke da ba ki da nama, ai shi zai hana iska ta kwashe ki. Matso ki ji wata tatsuniya. Ga ta can tafe."

"Ta iso lafiya," muka ce.

Ta ce wata mata ce Mutuwa ta tarar tana ɗinka wa 'yarta riga. Mutuwa ta ce ta zo ɗaukar yarinyar. Matar ta roƙe ta ta bari sai yarinyar ta cika rigar, Mutuwa ta yarda. Matar ta ɓoye ƙyalle a gindin rigar, lanƙwasa kan lanƙwasa. Kowace kaka, kafin Mutuwa ta leƙo, sai ta kwance guda, rigar ta riƙa jan ƙasa. Mutuwa ta duba ta ce da saura, ta koma. Haka har yarinyar ta yi furfura.

"Da lanƙwasar ta ƙare fa?" na tambaya.

Kaka ta ciji zare. "Ke da tambaya kamar alƙali. Nan ta tsaya. Ku tashi."

Ranar tafiya ta riƙe Habsu a ƙofar gida ta ce, "Kowane hutu ki kawo mini shi in kwance ɗaya. Kada ki bari wani ya taɓa."

Da zafi ya shigo, sanƙarau ya faɗa Magariya. A can aka rufe Habsu, ba mu ga gawa ba. Wani mai jaki ya kawo mana ƙunshin kayanta. Kaka ta zaro fatarin, ta bi gindinsa da yatsa. Lanƙwasa uku suna nan yadda ta ɗinke su. Ba ta yi kuka a gabana ba. Wuta dai ana hurawa, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu.

Bayan shekara biyu mai gari ya kira sunana. Na zaci Kaka za ta ɓoye ni a rumbu, kamar yadda wasu ke yi. Sai ta fito da fatarin, ta ɗaura mini, ta ja zariya da ƙarfi har na ji zafi. Hutun farko ta kwance ɗaya. Na biyu ma haka. Na uku idonta ya mutu, ni na riƙe mata gindin, ta lalubi zaren ta tsinke. Ta shafa har idon sawuna ta ce, "Kin cika shi."

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, ina ganin ƙarya aka yi mana. Sai da na haifi tawa na gane. Kaka ta san ba a yi wa Mutuwa wayo, ta riga ta rufe 'yarta, uwarmu. Roƙo take yi, da allura, don ba ta da wani bakin da za ta yi shi. Yanzu jikokina na dariya wai ɗinkina ya cika nauyi a ƙasa. Ina barin su su yi. Ban taɓa gaya musu dalili ba.