Sanyi a Fijon Baba Kefas

Kefas Dogo ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motocin jami'a a Samaru kafin ya yi ritaya. Abin da ya fito da shi daga aikin bai wuce ciwon baya ba, da gida mai ɗaki uku a bayan kasuwa, da wata Fijo 404 ruwan toka da ya saya a hannun wani malami Ba'indiye a 1979. Da kansa yake wanke ta duk Asabar, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa sitiyari.

A 2003 matarsa Liya ta yanke jiki ta faɗi tana shanya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun daga nan, Talata da Juma'a yake kai ta gashin ƙashi a wani asibiti a Tudun Wada. Da damina abin da sauƙi. Amma da bazara ta kama, kujerar motar kan yi zafi kamar tanda. Liya takan jiƙe sharkaf da gumi, har ya ji numfashinta ya canja a bayansa.

'Yarsu Peace, da ke koyarwa a Kaduna, ta ce ya sayar da tsohuwar motar a nemi tokunbo, wato kwancen ƙasar waje, mai iyakwandishan.

"Ni da wannan mun san halin juna," in ji shi. "Na tsufa da koyon halin wata."

Aka yi masa kwatancen Babatunde, mai gyaran iyakwandishan na mota a Muciya, cikin Sabon Gari. Babatunde ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallon injin.

"Baba, wannan mota ba a haife ta da iyakwandishan ba."

"Ni ma ba a haife ni da tabarau ba, Tunde. Ga shi a idona."

Babatunde ya yi dariya, ya ce mako biyu. Sai da aka ci bakwai. Kwampireson, wato na'urar da ke haɗa sanyin, da aka ciro daga wata matacciyar mota ba ta da mazauni a jikin injin, sai da mai walda ya ƙera mata ƙarfe har sau uku. Na farko ya karkace, na biyu ya riƙa cinye bel. Aka huda ƙarƙashin dashbod, Kefas ya juya baya don kada ya gani. Duk tsawon makonnin nan a tasi yake kai Liya, yana tallafe da ita, direbobi suna tsaki saboda jinkirin shigarta. Da ya mai da ita gida sai ya hau bas ya koma Muciya, ya zauna a benci yana kallon motarsa a warwatse.

Ranar gwaji sanyi ya fito sosai. Amma suna isa cunkoson Kwangila, allurar zafin inji ta miƙe, tururi ya taso. Aka koma aka sa babban lagireto da ƙarin fanka. Da aka sake gwadawa, Babatunde ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Baba, gaskiya ɗaya ce. In kana gudu, kunna. In ka shiga cunkoso, kashe. Iyakar ƙarfinta ke nan."

"Wato inda zafin ya fi tsanani, nan ne ba zan kunna ba."

"Haka ne, Baba."

Kefas ya karɓi makullin motarsa. Ya gaji.

Juma'ar farko da ya ɗauko Liya daga asibiti, ya kashe a Kwangila, ya sake kunnawa bayan sun fita cunkoson. Kafin su kai Samaru ya ji bayan motar shiru. Ya duba madubi, sai ya ga ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Rabonta da barcin rana tun kafin ta faɗi. Bai shiga layinsu ba, ya zarce hanyar Funtuwa har kusa da Giwa, sannan ya juyo a hankali. Da ta farka a ƙofar gida ta ce, "Baban Peace, yau tafiyar ba ta yi nisa ba." Ya ce e, hanya ta yi kyau.

Liya ba ta warke ba. Ƙafar ta ɗan saki, hannun ko kaɗan. Shekara biyar ya yi yana wannan zirga-zirga, yana kunnawa yana kashewa, kowace bazara yana komawa wurin Babatunde a ƙara gas. A 2008 yanar ido ta rufe masa gani, likita ya hana shi tuƙi. Motar ta koma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida.

Duk da haka, in rana ta take kuma babu wuta, yakan kamo hannun Liya ya shigar da ita kujerar baya, ya tada inji, ya kunna mata. Shi kuma ya zauna a gaba, ya kafa tabarau dab da allurar. Minti goma sha biyar take kaiwa kafin ta fara hawa. Sai ya kashe, su zauna cikin sauran sanyin har ya ƙare.