Shekarar da Tumbin Kakana Ya Sauka

Har yau in na ji cokali yana kaɗawa a cikin kofin ƙarfe, sai in tuna teburin mai shayin bakin layinmu a Agege, in tuna kakana zaune a benci ya baje babbar riga, tumbinsa ya riga shi isa tebur. Mai shayin mutumin Maraɗi ne, ya kuma san hannun kakana ba sai an faɗa masa ba: madarar gwangwani mai kauri, sukari har sai cokali ya yi nauyi, burodi mai laushi an tsaga an lafta masa bota, ga wainar ƙwai a gefe. Ni kuwa ina maƙale da shi, ina jiran ɓangaren da zai tsoma ya miƙo mini. Ina firamare a lokacin. Da yake ni ce jikarsa mace ta fari, "amaryata" yake ce mini, irin wasan nan na jika da kaka. Mu yaran gida kuma Baba Tsoho muke kiransa.

Fataucin goro ne ya kawo shi Ikko tun yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, ya yi gida. Kakata, wadda muke ce wa Iya, haifaffiyar nan ce. Mahaifinta sojan zamanin Turawa ne, saboda haka Yarbanci da Hausa duk ɗaya ne a bakinta, sai dai in ranta ya ɓaci ta fi sauri da Yarbanci. Siririyar mace ce, ba ta zama wuri ɗaya. Shi kuwa, in ka ga ya miƙe, to salla ce ko kasuwa, kuma ko kasuwar ma babur ɗin haya, wato okada, ke ɗaukarsa daga ƙofar gida.

Ya kamata ka san yadda ake kallon tumbi a wancan zamani. Dattijo mai tumbi, mai rufin asiri ke nan. Kakana yana alfahari da nasa, mu kuma mun mai da shi ganga. In ya kishingiɗa a tsakar gida bayan la'asar, sai mu kewaye shi muna kiɗa, yana dariya, tumbin yana rawa da kansa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, unguwarmu ta cika da walima. Yau wane ya ci kansila, gobe ɗan wane ya sami muƙami, jibi ana taron godiya. Ba a yin taro ba a gayyaci kakana ba, don shi ne mai buɗewa da addu'a. Daga nan sai shinkafa dafa-duka tana ƙyallin mai, soyayyen nama, lemon kwalba mai sanyi. Yakan dawo da ƙunshi a leda, mu yi ta murna. Iya ce kaɗai ba ta murna. Ta lura tulun ruwan ɗakinsa ba ya kwana da ruwa, ta lura buta ba ta hutawa, ta lura yana gama cin abinci barci ke sace shi ko da baƙi a gabansa. In ta yi magana sai ya ce, "Hajiya, zafin Ikko ne."

Wata Asabar cikin damina ya ɗauke ni zuwa kasuwar Oshodi zai saya mini takalmi. An yi ruwa da safe, gari ya yi luf, ko'ina warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin motocin haya na danfo. Muka kama hawan gadar ƙafa, ina gaba ina tsalle. Da na waiga, sai na gan shi tsaye a tsakiyar matakala, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a kan ƙirji, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Wata Bayarbiya mai sayar da lemon zaƙi ta tashi daga kujerarta ta zaunar da shi, tana yi masa sannu, tana yi masa fifita da murfin kwali. Sai da ya daɗe kafin numfashinsa ya daidaita. Ba mu sayi takalmin ba. A hanya ya ce mini, "Amaryata, wannan tsakaninmu ne." Ni kuwa tsoro ya cika ni, muna isa gida ko sallama ban gama ba na zayyane wa Iya komai.

Iya ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata gidan. Akwai dalili. Yayan kakana, wanda ban taso na tarar ba, yana da ciwon suga, kuma a kasuwa ya yanke jiki ya faɗi yana cikin ciniki, ba a kai shi ko'ina da rai ba. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuma, amma Iya ta daɗe tana juya abin a ranta. Ranar Litinin ta yafa mayafi, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa har sai da ya sa hula suka tafi asibiti.

Abin da ya faru a can, kakana ya ba da labarinsa sau ba adadi, har na haddace. Likitar mace ce, Bayarbiya. Bayan an ɗibi jini an yi gwaje-gwaje, ta ce suga ya yi yawa, jini ya hau, kitse ma ya yi yawa a jinin. Kakana ya ce to ina ruwan suga da ƙirji? Ta ce ai tafiyarsu ɗaya. Suga in ya daɗe da yawa a jini yana lalata hanyoyin jinin, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntace, zuciya ta yi ta fama tana turawa, ita kanta ba ta samun isasshen jini. Ta nuna tumbinsa ta ce wannan yana cikin masu hura wutar. Ta ce abin da ya ji a gada gargaɗi ne, kuma ba kowa ke samun gargaɗi ba. Iya ta ɗauki aikin tafinta, ko da yake babu wanda ya sa ta. Likita ta ce a rage sukari da mai da gishiri, Iya ta juyo ta ce, "Ta ce ka bar shayi, ka bar tsire, ka bar zaman teburin mutumin Maraɗi." Kakana, wanda ya shekara arba'in yana ciniki da Yarbawa, ya ce, "Hajiya, ni ma fa ina jin Yarbancin nan."

Aka dawo da ƙwayoyin magani, gidanmu ya canza. Tuwon kakana ya koma ɗan mulmule ɗaya, miyar ganye ta cika kwano, kifi ya kori soyayyen nama, wake ya zama abokin safe. Iya ta je wajen mai shayi da kanta. Ban san me ta faɗa masa ba, amma washegari da kakana ya zauna, ruwan ganyen shayi aka ajiye masa, ba sukari, madara ɗan ɗigo. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce, "Kai ma an saye ka?" Mai shayi ya ce, "Alhaji, na fi son in daɗe ina ganinka." Ƙunshin walima kuwa bai daina zuwa ba, sai dai yanzu gaba ɗaya namu ne. A shekarar nan kumatuna suka cika, shi nasa suna raguwa.

Likita ta ce ya riƙa tafiya a hankali, sai ya sallami mai okadarsa. Ya bar masallacin ƙofar gida in ba asuba da isha ba, ya koma wani na can gaba da layin dogo. Ranar da babu makaranta tare muke zuwa, in tsaya a gindin bishiyar fruntu in jira shi. Da farko yakan huta a kowace kwana. Kafin damina ta zagayo, ni ke cewa ya jira ni. Tela ya zo ya rage masa wanduna, gangarmu ta daina amo.

Sai magana ta fara yawo. Alhaji ya rame, Alhaji ya daina hawa okada, Alhaji shayi ba madara yake sha, lallai Alhaji ya karye. Wata Juma'a bayan masallaci sai ga dattawan kasuwar goro sun yi sallama, fuska a sunkuye kamar masu ta'aziyya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Can babbansu ya yi gyaran murya ya ce kasuwa haka ta gada, yau gare ka gobe ga wani, kuma su ba za su zuba ido ba, in jari ne ya taɓu a faɗa musu. Kakana ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu, ya faɗa musu abin da ya same shi a gada, ya ambaci yayansa, wanda duk sun sani, ya maimaita bayanin likita. Suka kalli juna, don kusan kowannensu da nasa tumbin a gaba. Daga bayan labule Iya ta ce, "Asibitin ba nisa." Wasu suka je, wasu suka ce su lafiyarsu ƙalau. Babban nasu, wanda ya zo ceton kakana, aka same shi da hawan jini mai tsanani bai sani ba. Shi ne ya zama abokin tafiyarsa, har suka riƙa gardamar wa ya fi wani sauri.

Kakana ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Shi ya ba da aurena, ya yi wa ɗana na fari huɗuba, kafin Allah ya karɓi abinsa cikin tsufa.

Agege ta canza. Yanzu kowane kemis yana da na'urar awon suga da ta hawan jini, abin da a da sai an yi tafiya, amma kuma ba mai son taka ƙasa, ko burodi yaro zai sayo sai ya nemi keke mai ƙafa uku. 'Yan'uwana maza, waɗanda muka yi kiɗan ganga tare, duk sun ajiye nasu tumbin. Iya tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, idonta ya rage gani, amma hannunta bai manta aikinsa ba. Da sallar da ta wuce maigidana ya durƙusa zai gaishe ta, ta laluba ta dafa cikinsa. Sannan ta ce, "Yaushe rabonka da awo?" Ya fara kame-kame, yana cewa aiki ya yi yawa. Ta juyo wajena ta ce, "Ɗauko mini mayafina."

Bai bari na ɗauko ba. Washegari da safe ya tafi awon da ƙafarsa.